Baba a matakalar bene

Yaya,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba.

Ɗazu na tarar da Baba zaune a matakalar bene, ya dafe ƙirji, gumi sharkaf. Ashe kwana goma ke nan yana hawa yana sauka a ɓoye, wai yana horar da ƙafafunsa saboda dutsen nan mai aman wuta da za mu je gani. Ya ce, “Shekara talatin ina zana wa ɗalibai shi a allo, ban taɓa sa shi a ido ba. Kada ki gaya wa yayanki.” Na ce to. Ga shi na gaya maka.

Na sake duba takardar tafiyar. Tsibiran da dutsen yake babu asibiti, kuma jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a mako.

Don Allah kada ka karɓo tikitin yau. Bari in dawo mu kai Baba wurin likita tukuna. In ya tambaye ka, ka ce layi ya yi yawa.

Kuma kada ka taɓa jakarsa da ke bayan ƙofa. Tun shekaranjiya ya haɗa ta, har da sabon takalmi.

Ƙanwarka