Macin Wake Ya Miƙa Wuya

Zuwa ga Sitan Tarawele, sanyin safiyar bakin kogin Joliba, inuwar mangwarona da tsakar rana, mai dariyar da ke tashin tsuntsaye daga kan rimi!

Don Allah ki riƙe dariyar nan har ki kai ƙarshen takarda. Sau nawa na ce ina sonki? Kullum sai ki tafa hannu ki ce, "Ku ji bawana! Wake ya hau masa kai." Wayyo ni! Kakannin da suka ƙulla wasa tsakanin zuriyar Jara da ta Tarawele, har kuke kiranmu bayinku maciya wake, sun san halin da za su jefa ni kuwa? Duk abin da ya fito daga bakina, tsokana kike ji.

Kin tuna ranar farko? Na shiga ɗakin sojoji masu jinya, kamar yadda na saba tun da nakiya ta ɗauke mini ƙafar hagu a hanyar Gao. Ba wanda ya aike ni. Na dai san ɗacin juya fuska ga bango. Ƙanenki Lasine na kwance, ya ƙi ci, ya ƙi magana. Na cire ƙafar robata na ɗora masa a gado, na ce, "Riƙe mini, zan je rawa." Ya yi dariya har da hawaye. Sai ga ki da kwanon tuwo miyar kuɓewa, yatsunki baƙi ƙirin da taɓon rini. Kika tambayi sunan gidanmu, na ce Jara. Kika ce, "Shi ya sa! Ƙafar ma gajiya ta yi da ɗaukar macin wake."

Sitan, farin watana, ruwan farkon daminata! Tun da na dawo kowa ƙasa-ƙasa yake mini magana, kamar an zo mini ta'aziyyar kaina. Ke kaɗai kika zage ni zagin cikakken namiji. A nan na faɗi, kuma har yau ban nemi tashi ba.

Yanzu Lasine da ƙafarsa yake zuwa kasuwa, kuma shi ya raɗa mini cewa wani mai jirgin ruwa daga Mopti na shirin aiko goro gidanku. Na koya wa maza da yawa tsayuwa, amma ranar nan sai da na nemi bango. Shi za a ji maganarsa, ni a ce wasa nake?

To ga shaida. Duk zamana a soja ban taɓa ɗaga hannu na miƙa wuya ba, kuma ban taɓa jin ɗan Jara ya amsa wannan zargi ba. Yau na amsa: ni ne macin wake! Ranar Litinin, kasuwar Segu na tsaka da ci, zan zauna a ƙofar marinarki da kwano cike da wake, in cinye tas a idon jama'a, dangina su yi ta rufe fuska. Ki yi dariya iya son ranki. In kin share hawaye, ki ba ni izini kawuna ya kai goro.

Naki har numfashin ƙarshe, bawanki da gaske wannan karon,
Seriba Jara