Ɗan Farin Da Kika Bar Mini

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, ina roƙon Allah Ya kai haske makwancinki.

Inna, bana ma ruwa ya ɗauke. Geron garinmu Tozai ya ƙone tun bai fidda kai ba, maigidana Malam ya tafi cin rani ya bar mana wayarshi don mu riƙa jin juna. Wayar nan ce ta hana ni sukuni.

Kin san Bello naki ne. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yi mishi wasa a gaban mutane, haka kika koya mini, haka kika yi da ni. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Tun da aka yaye shi yana ɗakinki, ke ce mai goyo, ke ce mai tsokana. "Angona, ina cefane?" Shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya.

Da kika tafi aka maido mini shi, na rasa yadda za ni yi. In ya yi kuka, ga mata a tsakar gida, kunya ba ta barina in rarrashe shi. Sai in miƙa mishi waya. In za ni layin rijiya, in miƙa. In ina daka, in miƙa.

Yanzu shekararshi uku, Inna, ya bar magana. 'Yan kalmomin da ya koya a wurinki sun tsere. Ko kunu ba ya sha sai hoto na motsi a gabanshi. Yaya Hajo, yayar Malam, ta ce in ƙwace in ɗauko tsumagiya, haka ta yi da nata. Jiya na ƙwace. Bai yi kuka ba. Ya zauna yana kallon bango, ni ina bayanshi ina cewa "kai, kai," bai waiwayo ba.

Mi zai sa ya waiwayo? Wadda take kiranshi da suna ba ta nan.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Gobe za ni shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ɗora shi a cinyata, in kira shi Bello kowa na ji. Su ce ba ni da kunya. Ki yafe mini, Inna, ba raina tarbiyyarki na yi ba. Babu wanda zan miƙa wa shi ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya ba mu damina, Ya buɗe bakin angonki.

Taki,
'yar farinki.