Ka Zo Ka Karɓi Sunanka

Unguwar Kilomita Biyar, Bangui
Cikin watan Shawwal

Zuwa ga ƙanena Abdulsamad, a Ngaundare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da barka da shan ruwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Nuriyya da yara, Ya karɓi ibadarmu, Ya ƙara maka buɗi a kasuwa, Ya kare ku daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan muna yadda Allah Ya ajiye mu. Ƙafar Inna Amariya ta yi sauƙi, har tana taka sanda zuwa gidan suna. Imrana nawa ya kama zama a shagon wayoyi. Samira ta wajen ƙanenmu Lado ta yi tsawo, sai dai Hausarta kullum raguwa take yi, yaren Sango ya cinye ta. Damina ta sauka, kwatocin kasuwa sun cika kamar kowace shekara.

Za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Na kira ka har yatsana ya gaji. Na tura maka saƙon murya, alama ta nuna ka saurara, ka yi gum. Waya ana kashe ta, takarda kuwa sai dai a yaga, kuma na san tarbiyyar da na yi maka, ba za ka yaga rubutun yayarka ba ka karanta ba. Shi ya sa na ba Nata'ala direba, na ce hannu da hannu, kada ya bar ta a shago.

Bari in tuna maka abin da kake son mantawa. Shekarar da aka ƙone gidanmu na unguwar Miskine, takardar haihuwar Lado ta ƙone tare da komai. Kai katinka na ɗan ƙasa yana aljihunka. Ranar da za ka hau motar gudun hijira ka zaro shi ka miƙa wa Lado a gabana, ka ce ya riƙe, kai ka gama da ƙasar nan, ka kuma rantse da Allah ƙafarka ba za ta sake taka Bangui ba. Lado ya yi zaryar neman nasa katin har takalminsa ya suɗe. Yau a ce ya kawo takardar uba, gobe a ce ta kaka, kakan da ya zo daga Daura a ƙafa tun ba a san takarda ba. Da ya gaji sai ya koma kan naka. Kuna kama, goshi ɗaya, hanci ɗaya, kuma mai tsaron shinge ba ya ƙura wa hoto ido in ya ga abin goro. Ba shi kaɗai ba ne, rabin unguwar nan da katin wa ko na ƙane suke tafiya. Da katinka ya yanki tikitin jirgin sama zuwa garin Birao, domin in damina ta kama, hanyar mota ta mutu sai rani.

Abin da ya faru a jirgin ka ji shi a gutsure, to ga shi cikakke. Jirgi ne ƙarami mai farfela, an jibga kayan 'yan kasuwa a bayan kujeru har rufi, buhunan sukari da kwalayen batir, ba raga ba igiya. Suka sauka cikin ruwa, filin jar ƙasa ya zama taɓo, jirgin ya zarce ƙarshen fili ya kifa hanci a rami. Sauran fasinjoji suka fita da karaya da ƙujewa. Lado yana kujerar ƙarshe, kayan nan duka suka sauko masa a gadon baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa yanzu ba ya jin komai. Robar fitsari ce a jikinsa dare da rana. Matarsa Zaituna ce ke juya shi, ita ke wanke gyambon da kwanciya ta huda masa a kwankwaso, wanda hannuna ke iya shiga. Yarinyar nan ta rame har zobenta na faɗuwa. Mutumin da ke sauke dila shi kaɗai daga mota, yau sai an ɗaga masa kai ya sha koko.

Mutanen kamfanin sun zo sau ɗaya, da buhun shinkafa da katan ɗin madara da baƙin ciki na aro. Dattawanmu suka karɓe su a zaure, suka yi ta cewa ƙaddara ce, Musulmi ba ya shari'a da ƙaddara. Na aika musu daga cikin gida cewa na yarda da ƙaddara kamar kowa, amma Ubangijin da Ya hukunta ƙaddara Shi ne Ya hukunta diyya, kuma ban taɓa karanta inda aka ce shinkafa diyyar ƙashin baya ce ba. Suka ce Rabi'atu boko ya yi mata yawa. Na ce gara ya yi mini yawa da ya yi mini kaɗan.

Na nemi wata lauya, Metir Odile, wadda na koyar da ita tun tana 'yar firamare. Ta zaunar da ni ta buɗe mini dokar, ni ma na karɓa na karanta da idona. Ta ce wanda ya ɗauki mutum a jirgi, jikin mutumin amana ce a wuyansa daga hawa har sauka. In ya ji rauni, magani da jinya da abin da ya rasa na sana'a duk suna kan kamfani da masu inshorarsa, balle an samu sakaci irin na kayan da ba a ɗaure ba, kuma akwai fasinjoji biyu da suka yarda su ba da shaida. Ta ce haƙƙin zai kai Lado asibitin Duwala a rufe masa gyambon, a saya masa keke da katifar da ta dace, a bar wa Zaituna da Samira abin dogaro. Amma ta ce doka shekara biyu ta bayar a kai ƙara, in ta wuce an rufe ƙofa ko da gaskiyarka ta kai girman dutse. Shekara biyun Lado za ta cika a tsakiyar daminar nan. Tana so a shigar kafin Babbar Salla.

A nan ne katinka ya tsaya mana a wuya. A tikiti Abdulsamad ne ya hau jirgin. A asibiti Abdulsamad aka kwantar, domin katin da aka samu a aljihunsa ke nan, shi kuwa ba ya cikin hayyacinsa. Ma'aikatan jinya suka yi ta kiransa da sunanka yana amsawa, Zaituna ma dole ta riƙa cewa ita matar Abdulsamad ce kafin a bar ta ta shiga, tana faɗa tana sunkuyar da kai. Har yau kamfanin bai san komai ba. Wasu masu ba da shawara kyauta sun ce mu yi shiru, mu ci gaba a haka, a karɓi haƙƙi da sunanka, wa zai sani. Na juya maganar a raina, ba zan ɓoye maka ba. Sai Metir ta tuna mini abin da na kasa kallo. Likita ya riga ya gaya mana irin wannan gyambo in ya shiga jini ba ya jira. In Lado ya rasu da sunanka, a takarda Abdulsamad ne ya mutu, matarsa Nuriyya ce, 'ya'yansa naka ne. Zaituna da ta share shekara biyu tana wanke masa jiki ba kowa ba ce, Samira kuma 'yar wani ce da hukuma ba ta taɓa jin sunansa ba. Kai ma ka zama gawa kana tafiya a kasuwar Ngaundare. Ga kuma rantsuwar ƙarya a gaban alƙali, wadda ni ba zan yi ta ba, ba kuma zan sa marar lafiya ya tafi da ita kabari ba.

Saura hanya ɗaya, gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Metir ta ce doka jikin da aka ɗauka take karewa, ba sunan da ke kan tikiti ba, kuma kuskuren suna ba ya wanke kamfani daga kayan da bai ɗaure ba. Amma masu inshora za su kama wannan kamar kura ta samu ƙashi, su ce ba su san wane ne ya hau ba. Maganinsu shi ne alƙali ya ga fuskoki biyu a ɗaki ɗaya, mai katin a tsaye, mai raunin a kwance. Ka faɗa da bakinka kai ne Abdulsamad, wannan ƙanenka ne Lado, uwa ɗaya uba ɗaya, kai ka bar masa katin. Da shaidarka da ta liman da ta mai unguwa, kotu za ta iya ba shi takardar da za ta maye gurbin wadda ta ƙone. Na tambaye ta ko za ka iya rubutowa daga can a buga hatimi. Ta ce za su yi ta jayayya da takardar waje har wa'adi ya wuce, abin da suke so ke nan.

Na san abin da ke riƙe da kai, don Nuriyya ta gaya wa Zaituna. Ka ce kana tsoron a kama ka. Metir ba ta yi mini alkawarin babu komai ba, ni ma ba zan yi maka ba. Ta ce mai yiwuwa a ci tara, kuma nauyin ya fi karkata kan wanda ya yi amfani da katin. Da na gaya wa Lado haka sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a tambayar masa su wane kurkuku suke da shi da ya fi wanda yake ciki. Ka kuma ce ka yi rantsuwa ba za ka dawo ba. Haba Abdulsamad. Ni na zaunar da kai kan karatu, na san ka san hukuncin. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara. Ciyar da miskinai goma ne, kuma in shinkafar ce ba ka da ita, ta kamfanin tana nan a ɗaki ban taɓa ta ba. Rantsuwa tana da kaffara. Ƙashin baya ba shi da ita.

Ban raina abin da ka gani a Miskine ba, ina wurin. Ban taɓa zarginka da ka gudu ba, kowa da irin zuciyar da Allah Ya ba shi. Amma an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ba a ce ka shekara goma kana shafawa ba alhali shi yana ci. Ba cewa na yi ka dawo da zama ba. Ka zo ka kwana uku ka koma. Na share ɗakin Imrana. Nata'ala zai juyo da kaya daga garin iyaka na Garuwa-Bulai bayan mako biyu, na ce ya ajiye maka kujerar gaba. Katin yana wurina, zan ba Nata'ala ya kai maka bakin iyaka ka shigo da shi, tunda naka ne. In motar ta iso babu kai, za mu shigar da ƙarar a haka, da mutum ɗaya a kwance yana cewa shi ba shi ba ne, kuma ka san yadda za ta ƙare.

Ka gaishe mini da Nuriyya ƙwarai, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa kan Siddiq da Khadija da 'yar autar da ban taɓa gani ba. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu Ɗantsoho, Allah Ya ƙara masa lafiya. Inna Amariya tana gaishe ka, ta ce in tuna maka zumunta a ƙafa take. Imrana da Zaituna da Samira duk suna gaisuwa.

Lado ya san ina rubuta maka. Na tambaye shi me zan faɗa maka daga bakinsa. Ya ce ba ya jin haushinka, katin ya ciyar da shi shekaru. Abu ɗaya ya roƙa, kuma ba kai ya roƙa ba, ni ce. Ya ce: "Yaya, in ta Allah ta kasance kafin ya zo, ki gaya wa liman ya ambaci sunana. Kada a sallace ni da sunan mai rai."

Na amsa masa da to. Kai kuma ka ba Nata'ala taka amsar.

Yayarka,
Rabi'atu