Shekarar da Mma Ta Yi Shiru

Zongo, Lome
6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Kimba da yara da jikoki. Yaya zafin Dosso? Yaya gwiwar nan taki, ta bar ki kina durƙuson salla? Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Mma tana gaishe ki, haka ƙaninmu Tawfiq da iyalinsa. Damina ta sauka, kowace safiya unguwa na tashi da ƙamshin jar ƙasa.

Na ba Alassani direba takardar nan hannu da hannu, don maganar da ke ciki ba ta waya ba ce. Kuma na san tun da kika shiga ajin manya kin fi son karanta abinki da idonki.

Yaya, sakamako ya fito. Hukumar da ke duba ayyukan malaman jami'a ta amince, ƙanwarki ta zama cikakkiyar farfesa a ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren kula da masu ciwon rai. Lokacin da saƙon ya zo ina ofis ni kaɗai. Ban yi guɗa ba, ban kira kowa ba. Na buɗe taga ina kallon ruwa na ɗiga daga ganyen mangwaro, sai na ji kamar duk shekarun sun shigo ɗakin sun zazzauna. Ga ni a Dakar, iskar teku na kaɗa min mayafi, ina bin likitoci ɗaki ɗaki da ɗan littafina. Ga ni a Lyon ta Faransa, shekara biyar ina rubutun digirin dakta, ƙanƙara na sauka bayan gilashi kamar ana tankaɗe gari a sama, ni kuwa ina kewar kokon Zongo. Ga kuma ranar da na dawo, Baba, Allah ya jiƙansa, yana tambayata: "To likitan da ba ya allura, me yake yi?" Na ce masa saurare. Ya daɗe yana dariya.

Da na koma gida na faɗa wa Mma, sai ta dube ni ta ce, "Alhamdulillahi. Yanzu dai kin gama lakwal ɗin, karatun bokon nan, ko da saura?"

Ranar sha bakwai ga Yuni zan yi lacca a babban zauren jami'a, irin wadda sabon farfesa ke yi don ya faɗi inda aikinsa ya samo asali. Na zauna zan rubuta, na jera sunayen malamaina da littattafaina biyu, sai na ga ba gaskiya nake faɗa ba. Aikina bai fara a Dakar ba. Ya fara ne shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zongo na tsakiyar gari aka kawo mu nan, ina da shekara tara, ke sha uku.

Kin tuna? Manyan motoci, tukwane da tabarmi a sama, sai fili da ciyawa da sararin sama mai faɗin da ya ba ni tsoro. Mma tana da tsohon ciki. Wata biyu da zuwanmu ta haifi Tawfiq, bayan suna kuma ta yi shiru. Ta juya fuska bango. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta ɗaukar jariri. Aka ce iska ce, aka ce baki ne, aka yi rubutu da hayaƙi. Sai maƙwabciyarmu Maman Afi, 'yar ƙabilar Mina mai soya kifi, ta fara shigowa kowace la'asar da faifan wake. Ta zauna kusa da Mma tana tsinta, ba ta tambayar komai. Ni ina bakin ƙofa ina leƙe. Wata rana, bayan watanni, na ga hannun Mma ya shiga faifan. Daga nan sai magana ta fara fitowa, kalma ɗaya, biyu, Hausa da Mina a gauraye.

Wannan nake so in faɗa, Yaya, da sunan Mma. Kowace shekara ina ganin mata irin ta, ana ɓoye su a ɗaki don kunya. In suka ji uwar farfesa ma ta shiga wannan hali ta fito, wataƙila wata ƙofa ta buɗe. Amma labarin gidanmu ne, ke ce babba. Ba zan taɓa shi ba sai da yawunki.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Zuhura

Zongo, Lome
27 ga Mayu

Yayata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na ji an yi muku ruwan farko, Allah ya sa albarka.

Amsarki ta iso. Na karanta ta a tsaye bakin tasha, 'yan zemijan masu haya da babur na ta danna min oda, na sake karanta ta a gida. Kin ce a'a. Kin ce in ci girmana lafiya in bar asirin gida a rufe. Sannan kika ce: "Ke a bakin ƙofa kika tsaya, ba ki shiga ɗakin ba." Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Na ce a raina, shekara ashirin da huɗu ina wannan aiki, na horar da ungozomomi fiye da ɗari biyu su gane ciwon nan, na shirya tambayoyin da ake yi wa masu jego da Hausa da Mina da Kotokoli har ana amfani da su a wasu ƙasashe, ɗalibai goma sha ɗaya sun yi dakta a hannuna, a ce ban shiga ɗakin ba?

Da wannan fushin na tafi ɗakin hira ranar Alhamis. Ban taɓa kwatanta miki shi sosai ba. Wani ɗan shago ne a bayan masu atamfa a kasuwar Agoè-Assiyéyé, da labule shuɗi da tabarma biyu. Ba allo a ƙofa. Mace ta shigo kamar mai neman zane, ta zauna, ta sauke abin da ke ranta. Rana na ratsa labulen, komai ya koma shuɗi, hayaniyar kasuwa ta yi nisa kamar kana jin ta daga ƙarƙashin ruwa. A ranar wata baiwar Allah ta zo da babbar 'yarta tana goye mata jariri. Na saurari uwar awa guda. Sai da suka tafi na lura ko sunan 'yar ban tambaya ba.

Ranar Lahadi da safe na ɗauki Mma a mota muka je bakin teku a Baguida, kin san yadda take son kallon masunta na jan koma. Akwai hazon ruwa, jiragen da ke jiran shiga tasha sun yi layi can nesa kamar gidaje masu yawo. Muka zauna ƙarƙashin kwakwa. Na yi ta-maza na tambaye ta, karo na farko a rayuwata, ko tana tuna shekarar nan.

Sai ta ce, "Ina tuna bango. Akwai wata tsaga a jikinsa, nakan bi ta da ido har in isa tsohon gidanmu, in ga rijiya, in ga akuyar maƙwabcinmu Baba Abdoul. Jikina ne kawai aka kawo nan, Zuhura. Ni ban hau motar ba."

Na ce ina so in faɗa a gaban jama'a. Ta ce, "Faɗi mana. Sata na yi? Amma ki ce na warke, ki ce shekara talatin na yi ina tuyar waina bayan nan, har daga unguwar Bè ana aiko da kwano." Na yi dariya, hawaye na zuba. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Amma ni rabi na sani. Wa ya goyi Tawfiq? Wa ya bi gidajen masu jego yana roƙon a shayar da shi? Wa ya yi mana tuwo? Rahmatu ce. A shekarar za ta yi jarrabawar shiga babbar lakwal, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Malaminsu sau uku yana zuwa wurin Babanku. Ranar jarrabawar tana tsakar gida tana wankin tsumma. Da na dawo hayyacina na ce ta koma, ta ce ai ta girma, a bar Zuhura ta yi."

Yaya, wallahi ban sani ba. Duk rayuwata na ɗauka ke ce ba kya son lakwal. Haka nake faɗa wa mutane, ina murmushi. Ina tuna ki da safe kina ɗaura min ɗankwali, kina duba ko allona da allina na cikin jaka, kina gyara min lissafi da yatsa a ƙasa, goyo a bayanki. Duk na gani, ban gane ba. Ni da ake biya in gane.

Kin yi gaskiya, a bakin ƙofa na tsaya. Na cire labarin daga laccar. Zan yi magana a kan alƙaluma da bincike kamar kowa, ba abin da zai ragu. Ba don ki sauya ra'ayi na rubuto ba. Na rubuto ne in ce ki yafe min.

Mma na gaishe ki. Ta ce a tuna miki da kilishinta.

Ƙanwarki,
Zuhura

Zongo, Lome
20 ga Yuni

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara duka. Mu ma lafiya, sai gajiyar baƙi.

'Yar takardarki ta same ni ana saura kwana biyu. Layi uku, da rubutunki mai tafiya a hankali: "Na yafe tun ba ki roƙa ba. Na Mma ki faɗa tunda ta yarda. Nawa ki bar min, ni zan faɗa da bakina." Na ninke ta na sa cikin rigar lacca, a nan ta wuni.

Bari in ba ki labari kamar kina nan. Zauren ya cika. Gaba manyan malamai da rigunansu masu faɗi, tsakiya ɗalibai, baya kuwa Zongo ce ta taso gaba ɗaya: matan kasuwa, ungozomomina, direbobi, har da liman. Turare ya gauraye da sanyin na'ura. An yi ruwa da safe, hasken da ke shigowa ta manyan tagogi fari ne mai laushi, har fuskokin mutane suka zama kamar a mafarki. Shugaban tsangaya ya karanta tarihina, ya daɗe yana jero digiri da lambobin yabo da ƙasashen da na je. Ina saurare kamar ana maganar wata mata da na taɓa haɗuwa da ita a jirgi.

Na fara da Faransanci. Da na zo kan shekarar nan sai na ajiye takarda na juya Hausa, ɗalibata Kadidja tana fassarawa. Na faɗi motocin, da bangon, da faifan wake. Na ce abin da na je Turai na koyo sunansa, Maman Afi ta riga ta yi shi ba tare da ta taɓa riƙe littafi ba. Ta rasu da daɗewa, amma 'yarta tana wurin, na sa ta miƙe, ta rufe fuska da zane. Na ce ciwon nan yana da suna, yana da magani, kuma ba laifin kowa ba ne. Sai na ce, "Matar da nake magana a kanta ga ta nan, ita ta haife ni."

Mma na layin gaba cikin farin leshi. Ba wanda ya ce ta tashi, ta dafa Tawfiq ta miƙe, ta juya ta fuskanci jama'a, ta ɗaga murya ta ce, "Ta manta wainar!" Yaya, zauren ya fashe. Dariya, tafi, guɗa daga baya, farfesoshin da ba sa jin Hausa suna ta tambayar me ta ce.

Sunanki bai fito daga bakina ba. Na dai ce labarin yana da wani rabi, mai shi tana raye, kuma ba ni da izini.

Bayan an tashi, ana ta hotuna, wani mutum ya tsaya gefe yana murza hularsa har kowa ya watse. Mahauci ne daga unguwarmu. Ya ce, "Hajiya, matata wata huɗu ke nan da haihuwa. Abin da kika faɗa, kamar kin leƙa ɗakinmu." Na ce ya kawo ta Alhamis. Na kuma tambaye shi wa ke riƙe da jaririn. Ya ce babbar 'yarsu, Safiatou. Na ce ita ma a zo da ita, kuma Litinin ta koma aji, mu za mu nemo mai taimako.

Tawfiq kuwa a mota ya yi tasa maganar. Ki ga mutum da furfura a gemu yana kallon titi yana share ido. Ya ce, "Ashe a bayan Yaya na girma." Ba ni na faɗa masa ba, Mma ce.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jami'a ta ba ni hutun wata guda. An gayyace ni taro a Montréal ta Kanada, na ba su haƙuri. Na riga na kama kujera biyu a motar Alassani ta ranar uku ga Yuli, ni da Tawfiq. Kada ki yanka komai, kada ki tara mutane. Ki shimfiɗa mana tabarma inda inuwa take, ki sallami jikoki. Ba zan zo da littafi ko abin rubutu ba, kuma abin da kika faɗa ba zai shiga lacca ba har abada. In kin ga dama ki fara ranar da muka iso. In kuma sai mun yi sati muna zaune ba ki ce komai ba, ba inda za mu.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki, wadda kika kai lakwal,
Zuhura