Kwana Uku a Garnaɗa

Garnaɗa, Oktoba 2003

Yaya Mufaddal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Inna da Kanza da duk mutanen gida a Tituwan. Ya ƙafar Inna? Ka ce mata ta daina hawa soro shanya, ba wanda zai ba ta lambar yabo.

Ka zauna ka karanta wannan, kada ka bi ta a tsaye kamar takardar ɗalibanka. Lauyan ƙungiyar da ke taimakon baƙi ya sake duba maganata. Ya ce in ina son takardar zama, kada in kuskura in taka jirgin ruwa. In na fita Sifen yanzu ba mai bari na in dawo, shekarun da na yi ina wanke tsohuwar mutane sun tafi a banza. Na ce to yaushe takardar za ta fito? Ya ɗaga kafaɗa. Yaya, na bar Kanza tana shekara bakwai, mahaifinta ko shekara bai yi a kabari ba, haƙoranta biyu na gaba babu. Yanzu tana sha ɗaya. Na gaji da sumbatar hoto.

Tunda ba zan iya zuwa ba, ku ku zo. Kai malamin gwamnati ne, kana da albashi, kai ne kuma waliyyinta a takarda. Ka nema muku biza ta yawon buɗe ido a hutun makaranta na Janairu. Kwana uku kawai. Kawu ya kawo 'yar ƙanwarsa mai son tarihi ta ga fadar Alhamra, shi ke nan, kuma ba ƙarya ba ne. Zan kama muku ɗaki da sunanka. Donya Amparo, tsohuwar da nake kwana da ita, ta yarda 'yarta ta riƙe ta kwanakin. Ta ce, "Je ki ga 'yarki, Zuhur. Ba zan mutu ba sai kin dawo, don ba wanda ya iya miyata sai ke."

Roƙona ɗaya. Na san ka, in aka ba ka layi ɗaya sai ka cika shafi. Abin da suka tambaya shi za ka amsa. Kada a ambaci inda nake, kada a yi musu lacca.

Na ga wata rigar sanyi ja a kasuwa, na saya mata. Sanyin garin nan a Janairu ba na wasa ba ne.

Ƙanwarka,
Zuhur

*

Tituwan, Nuwamba

Mamata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ina lafiya, Inna ma lafiya, sai dai ba ta daina hawa soro ba.

Kawu ya gaya mini! Ban iya cin abinci ba, har Inna ta ce in ban sha miyar harira ba za ta ce a fasa tafiyar. Na sha kwano biyu.

Na riga na tsara komai. Ranar farko Alhamra tun da safe, kafin mutane su yi yawa. Ina so in ƙirga zakunan da ke ɗauke da maɓuɓɓugar ruwa da kaina. Littafi ya ce sha biyu ne, amma a hoton da ke ajinmu bakwai kawai ake gani. Rana ta biyu unguwar Albayyazin. Rana ta uku tudun da sarkin ƙarshe ya tsaya ya waiwayi garin yana kuka. Kawu ya ce da nisa, na ce ai sarkin bai ce da nisa ba.

Mama, kin san mabuɗin da ke rataye a saman ƙofar ɗakin Inna? Ta ce na gidanmu ne na Garnaɗa. Kakan kakanninmu ya kulle ƙofa ya sa shi a aljihu ranar da aka kore su, yana cewa wata biyu zai dawo. Na roƙe ta ta ba ni aro in gwada shi a ƙofofin Albayyazin. Ta ce, "Ke 'yar nan, tun da aka haife ni ban ga an sauke shi ba sai ranar goge tsatsa." Na yi ta binta har kicin. Jiya ta ce, "Ɗauki, kin ishe ni. In kika yar da shi kada ki dawo." Ya fi tafin hannuna tsawo, kuma da nauyi. Yana ƙarƙashin matashina.

Ke kin shiga Alhamra sau nawa? Ki gaya mini ko gaskiya ne ruwa yana bi ta cikin ɗakuna.

Wata 'yar ajinmu ta ce ba zan gane ki ba. Na ce ƙarya take. Amma ki gaya mini kalar gyalen da za ki sa a tashar mota.

'Yarki,
Kanza

*

Tituwan, Disamba

Zuwa ga 'yar'uwata Zuhur, Allah ya kiyaye ta,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta iso, kuma an aiwatar da abin da ke cikinta. Na miƙa takardunmu a ofishin biza ranar Talata, bayan tsayuwa a layi tun sallar asuba tare da mutanen da ba su san bambancin layi da kasuwar kifi ba.

Ban ambaci inda kike ba, ki kwantar da hankali. Sai dai akwai abin da ban ga dacewar yin shiru a kansa ba. A wurin da aka tambayi dalilin tafiya, kowa yana rubuta "yawon buɗe ido," kamar mu da masu zuwa sayen takalma duk ɗaya ne. Mu gidan Bayyasi ne, Zuhur. Kakanninmu na cikin waɗanda suka gina ganuwar garin nan da duwatsun baƙin cikinsu. Saboda haka na haɗa da wasiƙa shafi biyu cikin harshensu, wanda kin san shekara ashirin ina koyar da shi. Na bayyana musu cewa asalinmu Garnaɗa ne, cewa yarinyar marainiya ce da ta tashi da begen ƙasar kakanninta, kuma muna fatan a ba ta damar komawa ta ga gidansu. Na sa hoton mabuɗin, mai hoto na bakin kasuwa ya ɗauke shi a kan farin ƙyalle, ya fito sosai.

Ma'aikacin da ya karɓa ya karanta har ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, kana so in bar wannan a ciki?" Na ce don a bari aka rubuta. Na tabbata bai saba ganin irin wannan rubutu ba.

Kanza ta hana kowa sakat. Ta zana taswirar garin a bangon soro da alli, jiya ta gyara mini shekarar wani yaƙi a gaban baƙi, kuma ita ce da gaskiya. Ta yi tsawo, kanta ya kai kafaɗata.

Inna tana gaishe ki. Ta ce za ta aiko miki da cuku da zaitun ɗin da ta jiƙa da hannunta.

Yayanki mai yi miki addu'a,
Mufaddal Bayyasi

*

Garnaɗa, Disamba

Yaya,

Salamu alaikum. Gaisuwata gajera ce yau, ka yi haƙuri.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a kicin. Mutanen nan abu ɗaya suke nema a cikin kowace takarda: wannan zai koma gida ko zai maƙale? Kai kuma ka ɗauki alƙalaminka mai kyau ka rubuta musu cewa gidanku yana can, ga ma hoton mabuɗi. Mutumin nan da ya tambaye ka ko a bar ta a ciki, taimakonka yake yi, Yaya. Ba nahawunka yake yabo ba.

Ka koma ka roƙa a cire ta. In sai ka durƙusa, ka durƙusa, gidan Bayyasi ba zai rushe ba. Na riga na sayi tikitin Alhamra guda uku, na ranar Asabar da safe. Kullum in na kwantar da tsohuwa sai in fito da su in duba.

Kada ka nuna wa Kanza wannan. Ka ce mata gyalen kore ne.

Zuhur

*

Tituwan, Janairu 2004

Zuhur,

Assalamu alaiki. Na fara wannan wasiƙa sau uku ina yagewa.

Na koma kamar yadda kika ce. Mai gadi ya ce takarda in ta shiga ta shiga. Ranar Litinin aka dawo mana da fasfo, babu biza. An sa alama a gaban layi ɗaya: ba a gamsu cewa masu neman za su koma ƙasarsu ba. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma ba idona ba ne, naki ne da na yarinya. Na tambaya ko za a iya sakewa. Aka ce ana iya, sai dai wanda aka taɓa hanawa, tambarin yana binsa. Ba ni da abin da zan ce miki sai ki yafe mini.

Ban ɓoye wa Kanza ba. Na zaunar da ita na gaya mata har da wasiƙar da hoton. Ta ce, "To ai gaskiya ka rubuta, Kawu." Na ce gaskiya ce. Ta ce, "Su ma sun san gaskiya ce, shi ya sa?" Shekara ashirin ina amsa tambayoyin yara, wannan ban iya ba. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta hau soro da bokiti ta wanke taswirar. Inna ce ta yi kukan, tana ta zagina, tana cewa, "Kai da ubanka duk ɗaya, baki ya fi ku ƙarfi."

Ranar Asabar ɗin da ya kamata mu kasance a wurinki, na ɗauke ta muka shiga Sabta, garin Sifen ɗin nan da ke gefenmu na teku, tunda mu mutanen Tituwan nan kaɗai ake barinmu mu shiga da fasfo ba biza. Muka je bakin tashar jiragen ruwa. Gari ya waye tas, ana ganin duwatsun ƙetare kamar ka miƙa hannu. Na saya mata sardin gasasshe, ta riƙe har ya huce. Ta kalli jirgi ɗaya ya tashi. Ta ce, "Ta wane gefe Mama take?" Na nuna mata dama da babban dutsen. Ban sani ba ko daidai na nuna.

Ashe mabuɗin yana aljihunta duk yinin.

Yayanki,
Mufaddal

*

Garnaɗa, Fabrairu

Kanzata,

Assalamu alaikum, 'yar Mama. Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Inna. Ki gaishe da Kawunki ma, ki ce masa na huce. Ban huce ba, amma ki faɗa masa haka, ya fi ni buƙata.

Kin tambaye ni sau nawa na shiga Alhamra, ban amsa ba. Ban taɓa shiga ba, Kanza. Shekara huɗu ina ganinta ta tagar kicin in ina wanke-wanke. Ina cewa sai kin zo.

Ranar Asabar ɗin da ke kan tikitin na sa koren gyale na je. Mai karɓar tikiti ya ce, "Ina sauran biyun?" Na ce suna hanya. Zakunan sha biyu ne, na zagaya na ƙirga miki. Ba su yi kama da zaki sosai ba, sun fi kama da karnukan da suka ƙoshi. Ruwa kuwa gaskiya ne, yana bi ta cikin ɗakuna a 'yar siririyar hanya, sanyinsa kamar ƙanƙara, na taɓa da mai gadi ya juya baya. Sauran ba zan iya gaya miki ba, ki yi haƙuri. An kawo yaran wata makaranta, sai na kama kaina ina bin 'yan matan a baya ina cewa, Kanza ta kai wannan tsawo, ko ta kai waccan? Har malamarsu ta fara dubana, na fita.

A daren na haɗa jakata. Na ce takarda ta ci kanta, gobe ina jirgi. Sai na tuna kuɗin makarantarki da maganin Inna daga ina suke fitowa, na zauna a kan jakar. Da safe na kwance ta na dafa wa tsohuwa miya. Ina gaya miki ne don kada ki taɓa zaton ban gwada ba.

Direban motar Tituwan, mijin maƙwabciyarmu ta dā, zai kawo miki rigar sanyin. Ja ce. Ki sa ta ki je makaranta, ki ce wa waccan 'yar ajin naku daga Garnaɗa take.

Mamarki da ba ta barci sai ta yi miki addu'a,
Zuhur

*

Tituwan, Maris

Mama,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Rigar ta iso, tana da kyau ƙwarai. Hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu, maɓallan kuma ba sa haɗuwa. Inna ta ce a ba 'yar maƙwabta mai shekara takwas, na ce a'a. Ina yafa ta a kafaɗa in ina karatu. Tana ƙanshin sabulun da ban sani ba, ina jin naki ne.

Na mayar da mabuɗin kan ƙusarsa. Ban hau kujera ba, hannuna ya kai.

'Yarki,
Kanza