Ƙarin da Na Ɓoye wa Maigidana, Waya Ta Faɗa Masa

Zuwa ga Shugaban matasan da suka ƙera mana burauzar Hausa, wato manhajar shiga intanet,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Idanuna sun yi rauni, ƙananan rubutun waya sun fi ƙarfina. Da wata tsohuwar ɗalibata ta saka mini manhajarku ta shiga intanet, sai na ji kamar an mayar mini da aji da allo. In yi magana da Hausa, ta nemo mini, ta karanto mini da murya mai daɗi, ba ta cin data, ba ta nauyi a tsohuwar wayata. Da ita nake sauraren tafsiri, da ita na koyi haɗa sabulun ruwa. Kun yi aikin da manyan kamfanoni ba su tuna da irinmu sun yi ba. Wannan yabo ba na share fage ba ne, haƙƙinku ne.

Amma akwai abin da ya same ni, kuma dole ku sani.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah na ji wani ƙari a mamana na hagu. Ban gaya wa kowa ba. Maigidana yana fama da hawan jini, likita ya hana a tayar masa da hankali, don haka na yanke shawarar yin shiru har sakamakon gwaji ya fito. Manhajarku kaɗai na tambaya, sau uku ko huɗu, ina ɗaki ni kaɗai. Wata safiya Malam, maigidan nawa, ya ari wayata don ya ji farashin taki. Kafin labarin ya fara, sai muryar nan da nake so ta karanto talla: wai mai wannan waya, idan tana fama da ƙari a mama, ga magani. Ina bakin murhu na ji. Ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe waya ta riga ni sanin halin da kike ciki." Ranar bai ci abinci ba. Washegari mu biyu aka kai asibiti, ni gwaji, shi awon jini.

Alhamdu lillahi, ƙarin ba mai cutarwa ba ne, an cire shi, Malam ma ya warware. Sai dai ni ya kamata in zaɓi ranar da zan faɗa masa, da kalmomin da zan yi amfani da su. An ƙwace mini wannan.

Na biyu. Da ɗalibar tawa ta duba, ta ce manhajar tana riƙe duk abin da na taɓa nema, ta san inda nake, har lambobin mutanen da ke wayata ta ɗiba. Ta ce ni na amince. Na amince da me? Dogon rubutu ne da Turanci, shi kaɗai ne manhajar ba ta karanto mini da Hausa ba.

Ina roƙonku abu uku. Ku daina haɗa talla da abin da mutum ya nema game da lafiyarsa. Ku karanto mana sharuɗɗanku da Hausa, a taƙaice, kafin mu danna. Ku kuma sa mana maɓalli ɗaya babba na goge abin da muka nema, domin a gidajenmu waya ɗaya hannu biyar ke taɓa ta.

Ban cire manhajarku ba, ba na kuma son in cire. Jiya maƙwabciyata, wadda ke da juna biyu kuma ba ta sanar da danginta ba tukuna, ta roƙe ni in sa a saka mata ita. Na ce ta dakata, na rubuta muku wasiƙa, ina jiran amsa.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya albarkaci sana'arku, Ya sa ku zama masu riƙon sirrin jama'a.

Wassalam, daga uwarku mai alfahari da ku,
Wata tsohuwar malama, Tudun Wada, Zariya.