Bututun Murhun Baba

Salmon, Idaho

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naki? Ni da Kaka Arlo muna nan ƙalau. Gobe za mu hau dutse farautar barewar elk, kowa da kayansa a baya.

Kin ce da mun dawo za ki sayar da tantin Baba da murhunsa, don tun rasuwarsa ba kya iya ganinsu a gareji. Ban ce komai ba, kin san ni da nauyin baki. Jiya da na buɗe jakar da suke ciki, ƙamshin hayaƙi ya buge ni, sai da na zauna. Kaka ya yi kamar bai gani ba, ya ce, "Ke Marnie, in kin cusa littafin soyayyar nan a jaka, ke za ki ɗau abinki." Na cusa.

Taki har kullum,
Marnie

Mamata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kada hankalinki ya tashi, Kaka yana asibiti amma da sauƙi, likita ya ce ba zai rasa yatsun ƙafarsa ba.

Da rana tsaka muna haye rafi ya zame, ruwa har ƙirjinsa, ga dusar ƙanƙara tana zuba. Ya fito yana dariya. Can sai dariyar ta ɗauke, rawar ɗarin ma ta tsaya, harshensa ya fara harɗewa. Baba ya sha gaya mana wannan ce muguwar alama.

Na kafa tantin. Saura murhun ƙarfen da ake ɗumama tantin da shi, wanda ban taɓa haɗawa ba, kullum Baba ke yi ina gefe ina karatu. Kin san bututun hayaƙin fallen ƙarfe ne kamar takarda, a naɗe yake cikin jaka, sai an warware an sake naɗa shi ta tsawo. In sabo ne aikin mutum biyu ne, ga yankan hannu. Ina kuka na warware shi, Mama, sai kawai ya lanƙwashe da kansa ya zama bututu. Zobban da ke riƙe shi kaɗai na zura. Daga baya Kaka ya ce wutar farko ce ke koya wa ƙarfen siffarsa, kuma ranar hannun Baba ne ya naɗa shi.

Itace duk ya jiƙe. Na yayyaga littafina na kunna wutar da shi, ban ma kai inda masoyan za su shirya ba. Murhun ɗan mitsitsi ne, ba ya riƙe wuta, sai ana ba shi ƙirare kamar mai ciyar da jariri. Na cire wa Kaka jiƙaƙƙun kaya, na lulluɓe shi, na yi ta tura ƙirare a wuta har ya buɗe ido ya ce, "Yarinya, gasa ni za ki yi?" Washegari wasu mafarauta masu dawakai suka hango hayaƙinmu, suka sauko da mu.

Mama, abin da na kasa faɗa a gabanki ga shi a rubuce. Don Allah kada ki sayar. Na san kina kewarsa fiye da ni, ba kuma zan tilasta miki kallon kayansa ba. Amma baɗi zan koma dutsen, ni zan goya murhun.

Ranar Asabar zan biyo motar haya. Kada ki nemi jakar murhun a hannuna, na ajiye ta a gidan Kaka. Ki yafe mini.

Taki,
Marnie